Kanarin Malam Gwadabe da Na'urar Tsit

Tun da aka halicci kunnen ɗan Adam, babu wanda ya taɓa yi masa adalci sai Injiniya Mamuda Tsiga. Shi da kansa ya tabbatar da haka a gaban manema labarai, kuma mutum ne da ba ya magana sai ya auna.

Adalcin yana zaune a falonsa, a hawa na tara na Benen Rimi da ke Sabuwar Challawa, a shekara ta 2131. Baƙin akwati ne na ƙarfe, girmansa kamar akwatin lefe, nauyinsa kuwa sai ƙarti biyu sun yi nishi. Maɓalli ɗaya gare shi da 'yar koriyar fitila. Amfilifaya ce, Mamuda ya raɗa mata suna Tsit. A wannan safiyar tana tura wani tsohon faifai ta cikin lasifikoki biyu masu tsayin mutum. Wani mai kukuma ne da aka naɗa a gindin bishiya tun kafin a haifi kakan Mamuda. Ana jin izga tana gogar tsirkiya. Ana jin lokacin da makaɗin ya ja numfashi da lokacin da ya haɗiye yawu. Can bayansa akuya ta yi kuka, kuma duk wanda ya taɓa kiwo zai rantse a ɗaure take. Tsakanin wannan sauti da wancan kuwa, babu komai. Wannan babu komai ɗin shi ne abin da Mamuda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai.

Aikin amfilifaya a baki mai sauƙi ne. Sautin da ke fitowa daga faifai wuta ce 'yar mitsitsiya, ko fiffiken sauro ba za ta motsa ba. Amfilifaya ce ke karɓarta, ta ƙara mata ƙarfi har ta iya tura lasifika. Irin ta Mamuda haɗaɗɗiya ce, wato ɓangare biyu a akwati ɗaya: na gaba mai zaɓen sauti da daidaita ƙararsa, da na baya mai tunkuɗa shi waje. Wahalar ita ce a ƙara wa abu girma ba tare da halinsa ya canja ba, abin da ko a cikin mutane ba a cika dacewa ba.

Mamuda yakan yi wa kowa bayani, har wanda ya zo aron tsani. Ya ce komai daga abinci yake farawa, na'urar da ta ci gurɓatacciyar wuta gurɓataccen sauti za ta haifa. Don haka ya naɗa taransifoma mai siffar gammo, ya killace ta a ɗakinta na ƙarfe don kada gunaguninta ya shiga sauran kayan. Ya jera kafasitoci kamar randuna, su tara wuta su ajiye, domin in ganga ta faɗo ba zato kada na'ura ta tsaya neman ƙarfi. Hanyar da sauti ke bi ya gajarta ta, don a cewarsa sauti kamar saƙon baki ne, duk wanda ya bi ta hannunsa sai ya ƙara nasa. Dole kuma ta riƙe lasifika riƙon gaske. Tura ta gaba ba gwaninta ba ne, gwaninta ita ce tsayar da ita cak idan sautin ya ƙare. Sannan ba a kashe ta. Tiransistocinta, wato 'yan ƙofofin da wuta ke bi, a buɗe suke kullum, ko ana kiɗa ko ba a yi, domin wanda aka tayar daga barci ba ya fara magana da daɗi. Shi ya sa jikinta ba ya rabuwa da ɗumi, kamar murhun da aka sauke tuwo.

Duk wannan magabata sun san shi. Abin da ya gagare su shi ne hayaniya. Iskar Sabuwar Challawa cike take da wutar da ido ba ya gani. Ana aika lantarki gida-gida ba waya, jiragen maganaɗisu suna ratsawa ta saman unguwanni, 'yan aike marasa matuƙi suna shawagi da ƙosai da magani. Duk wannan yana kutsawa cikin kowace waya, ya fito ta lasifika a matsayin wani siririn "siii" da ke kwance a ƙarƙashin kowane kiɗa. Mamuda ya ƙirƙiro abin da ya kira matatar hayaniya. Tana tsince wannan ƙazantar daga cikin sauti, ta dunƙule ta, ta tura ta cikin wata kakkaurar wayar tagulla da ya ɗaure a jikin ginshiƙin benen.

Matarsa Kubura, wadda ke shugabantar wani sashe a matatar ruwan birnin, ta taɓa tambayarsa tana ɗaura ɗankwali za ta fita.

"Injiniya, mu dai a wurinmu duk abin da aka tace sai ya bar laka. Taka lakar ina take zuwa?"

"Ƙasa," in ji shi.

"Ƙasa ina?"

"Ƙasa dai, Hajiya. Ƙasa tana da faɗi."

Gaskiya ya faɗa, ƙasa tana da faɗi. Sai dai kafin a kai gare ta, ginshiƙin yana ratsa bangon wani ɗaki a hawan ƙasa, daidai inda ake jingina filo. Mai filon shi ne Malam Gwadabe, mahaifin Kubura.

Lokacin da aka rushe tsohuwar unguwarsu don shimfiɗa layin jirgi, Mamuda ne ya nemo masa wannan ɗakin, a ƙasa, saboda gwiwa da kuma rashin yarda da lif. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, injuna suka cinye masa kunnuwa tun yana da ƙarfinsa. Na dama ya tafi gaba ɗaya. Na hagu asibiti suka dasa masa na'urar ji a bayan ƙashinsa, irin wadda ba a cirewa kuma ba a kashewa, don ta nan birni ke sanar da tsofaffi idan gobara ta tashi. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Babban aikin da yake yi da wannan kunne guda shi ne sauraren kanarinsa.

Kanari mai rai ya yi wuya a birnin. Yawancin mutane na inji suke ajiyewa, mai waƙa in an danna. Na Gwadabe mai rai ne, sunansa Ɗanlele, yana cin acca da gwaiduwar ƙwai, yana kashi inda ya ga dama. Da hantsi yakan fara da 'yan gajerun kira kamar mai gyaran murya, sannan ya saki wata doguwar kaɗawa da ke hawa tana siranta, ya riƙe ta can sama har mai saurare ya fara ji masa tsoro, sai ya bar ta ta gangaro. Gwadabe yakan ce don wannan yake tashi da safe, sauran yinin rakiya ne.

Ranar da ma'aikata suka gama ɗaure wayar tagulla aka kunna Tsit, a ranar wani abu ya shiga kunnensa na hagu. Ba shi da ƙarfi. Kamar gyare ne ya maƙale a cikin ƙoƙon kai, amma gyaren da ba ya tsayawa shan iska. In ya fita tsakar benen sai abin ya lafa, in ya kai bakin titi ya ɓace, in ya dawo ɗaki ya same shi yana jiransa. Ya ja gado zuwa ɗaya bangon, bai yi ba. Barci ya ƙaurace masa. Kuma ƙarar ta zaɓi wurin zama daidai inda muryar Ɗanlele take, ta yadda a cikin ɗakin ba ya iya raba su. Gwadabe bai yi karatun lantarki ba, amma ya ga ranar da aka ɗaure wayar, ya kuma san ranar da abin ya fara.

A wannan zamanin an kawar da zazzaɓin cizon sauro, an daina ɗauke wuta, ruwan sama ma hukuma ce ke sa masa rana. Abin da kimiyya ba ta kai gare shi ba shi ne kunyar suruki. Mamuda in ya zo gaisuwa, takalmi a waje, ya durƙusa a bakin ƙofa, ido a kan tabarma. Gwadabe ya amsa yana kallon keji. Kubura kuwa 'yar fari ce, sunanta bai taɓa fita daga bakin ubanta ba. In tana kusa "ke" ce, in ba ta nan "yarinyar nan" ce. To a cikin su biyun wa zai kira ya ce, abin da kuka ƙera yana hana ni barci a ɗakin da kuka ba ni?

Wanda ya fara lura shi ne Malam Tanimu, Bazazzagi, abokinsa tun a masaƙa. Shi kunnuwansa lafiya lau, don a sito ya yi aiki, inda babu abin da ke ƙara sai minsharinsa. Kullum suna haɗuwa a gindin darbejiyar tsakar benen, Gwadabe ya rataye kejin a reshe.

"Bakano," in ji Tanimu, "idonka kamar gauta. Ko aure za ka ƙara ba ka sanar da ubangidanka ba?"

"Tun yaushe bawa yake tambayar ubangidansa inda ya kwana?"

"To ai da alama ba ka kwana ba."

Gwadabe ya daɗe yana gyara ƙoƙon ruwan tsuntsu, sannan ya faɗa masa. Tanimu ya tashi ya shiga ɗakin, ya kara kunne a bango, ya fito.

"Ni ban ji komai ba sai kukan cikina."

"Kai ai ko jirgi ne ya faɗo ba ka ji, sai an ce ga abinci."

"To ka faɗa wa surukin naka mana."

"In ce masa me?"

"Ka ce, Injiniya, tukunyarka tana yoyo a kaina."

"Ni? Da bakina?"

"To yarinyar."

Gwadabe ya yi masa irin kallon da ake yi wa wanda ya shiga masallaci da takalmi.

"Shi ke nan, ni zan faɗa," in ji Tanimu. "Ni ba 'yata yake aure ba."

"In ka faɗa, ban aike ka ba."

"Na ji."

"Kuma kada ka ambaci na'urar."

"To me zan ambata? Tsadar tumatir?"

"Kai dai babba ne, ka san yadda ake magana."

Tanimu ya san yadda ake magana, matsalar ke nan. Ya tare Mamuda a bakin lif, suka gaisa har gajiya ta gaji da a tambaye ta, sannan ya ce tsohon naku kwanan nan barci ba ya yi masa daɗi, kamar dai akwai wata 'yar ƙara a ɗakin. Hankalin Mamuda ya tashi, domin suruki ne na kirki, wannan babu mai musu. Kafin azahar ya sauko da ma'aunin sauti. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya miƙa ma'aunin cikin ɗakin kamar mai miƙa goro. Allurar ko motsi ba ta yi ba.

"Baba, an ce ko akwai abin da ke damun ku."

"Wa ya ce?"

"Malam Tanimu ne."

"Bazazzagi ne. Ka taɓa jin sun faɗi abu daidai?"

"Don in da wani abu, Baba, ko mene ne..."

"Babu komai. Tsufa ne. Allah ya yi albarka."

Da Mamuda zai miƙe, idonsa ya sauka a kusurwar da ginshiƙin ya turo bango. Wani tunani ya zo masa: ma'auninsa iska yake aunawa, kunnen Baba kuwa ba iska kaɗai yake ji ba. Tunanin ya zo har bakin ƙofa ya yi sallama. Amma Hukumar Na'urori ta birni ta riga ta sa ranar zuwa duba Tsit, kuma Mamuda mutum ne mai ilimi, ya san yadda ake sallamar baƙon da ya zo ba lokacinsa ba. Babba ya ce babu komai, ƙaryata suruki kuwa rashin tarbiyya ne. Da yamma aka sauko wa Baba da sabuwar katifa, mai daidaita kanta da bayan mutum.

Ranar zuwan hukumar, Kubura ta nace sai an gayyaci mahaifinta. Gwadabe ya shiga lif karo na farko a rayuwarsa, riƙe da hannun rigar Tanimu, yana salati a kowane hawa. Falon cike yake da jami'ai, da wani farfesan sauti, da 'yan jarida. Aka ba tsohon kujerar tsakiya, wadda ke daidai tsakanin lasifikokin biyu, inda Mamuda bai taɓa barin kowa ya zauna ba. Shi kuwa Mamuda, tun da surukinsa yana ɗakin, daga bakin ƙofa ya gabatar da jawabinsa a rusune, jami'ai suka yaba da tawali'unsa.

Abin da babu wanda ya sani shi ne, Gwadabe yana sa ƙafa a falon gyaren ya yi shiru. Duk faɗin Sabuwar Challawa babu wuri mai tsabta irin wannan ɗakin, tun da daga nan ake share dattin. Aka danna maɓalli. Kukuma ta fara.

Ya ji ta. Ya ji ɗan yatsan makaɗin yana zamewa a kan tsirkiya, ya ji inda ya kusa kuskure ya gyara. Ya ji faɗin filin da ke bayan mutumin, irin filin da yake tunawa a garin kakanninsa, inda murya ke tafiya ba ta bugi komai ba. Ba a taɓa ce masa shiru ma yana da faɗi ba. A ransa ya ce, wallahi yaron nan ya iya aiki. Sannan jikinsa, wanda ya daɗe yana neman irin wannan wurin, ya yanke nasa hukuncin. Kansa ya langaɓe, bakinsa ya buɗe, hularsa ta karkace. Ta cikin tsabtataccen shirun nan, minsharinsa ya fito raɗau.

Farfesan ya ɗaga yatsa ya yi raɗa. "Kun gani? Sauti na gaskiya ba ya gajiyar da kunne. Jiki ne da kansa ya sallama."

'Yan jarida suka rubuta. Tanimu ya zunguri abokinsa da gwiwar hannu. Gwadabe ya farka ya ga inda yake, a falon surukinsa, a gaban baƙi, ya so ƙasa ta tsage, sai dai ƙasar tana can hawa tara daga nan.

"Baba, yaya kuka ji?" shugabar tawagar ta tambaya.

"Ban taɓa jin irinsa ba, 'yata," in ji shi. Kuma bai yi ƙarya ba.

Ta rufe allonta ta ce hukuma ta gamsu. Saura sharaɗi ɗaya: za a ɗan jira, in babu ƙorafi daga mazauna benen, a ba da lasisin ƙerawa. In kuwa aka samu ko guda ne, za a ɗauke na'urar a rufe, bincike ya koma farko. Mamuda ya yi godiya daga bakin ƙofa. Gwadabe ya saci kallon Kubura ta gefen ido, kamar yadda ya saba. Fuskarta ta koma irin ta ranar da ta fara cin jarrabawa.

Bayan nan ya koma ƙasa, gyaren ya tarbe shi. Ya ɗan jure da gyangyaɗi a gindin darbejiya, amma hukuma ta buɗe damina, gindin bishiya ya daina zaunuwa. Jiri ya fara ɗibarsa. Wata safiya ya tashi zai canja wa Ɗanlele ruwa, bango ya juya, sai ga shi a zaune a ƙasa da ƙoƙo a hannu. Tanimu ya sa shi gaba zuwa asibitin unguwa.

Likitan kunne a can na'ura ce, murya mai ladabi da hannu ɗaya na ƙarfe. Ta ɗora hannun a bayan kunnensa na ɗan lokaci.

"Malam Gwadabe, dashenka lafiya yake. Wani abu ne daga waje yake zuba masa wuta, kuma yana kusa da inda kake kwana. Ka san ko mene ne?"

"Allah ne masani."

"Haka ne. A cikin bayinSa fa?"

Gwadabe ya shiga gyara zaman hularsa.

"Hanya biyu ce," in ji na'urar. "Ta farko, in aika rahoto Hukumar Na'urori, su bi sawun ƙarar, su ɗauke abin da ke yin ta. Cewa kawai za ka yi ka yarda."

"A'a."

"Ka san mai shi ke nan."

"Mijin yarinyar nan ne."

"Wace yarinya? Ina buƙatar suna."

Tanimu ya buga sandarsa a ƙasa. "'Yarsa ta fari! Kai injin nan, a gidanku ba a yi maka tarbiyya ba?"

"Ku gafarce ni. Amma ban ga abin da ya hana shi ya roƙi mutumin ya kashe na'urarsa ba."

"Ba za ka gani ba," in ji Tanimu. "Faɗi ta biyun."

"Ta biyu, in rufe layin da ƙarar ke shigowa. Zai ji magana, zai ji kiran salla, zai ji ƙararrawar gobara. Amma sirarun sautuka na can sama za su tafi tare da ita. Fito, kukan gyare, ƙananan tsuntsaye."

"Kanari fa?" in ji Gwadabe.

"Kanari yana tsakiyar wurin."

"In an rufe, ana buɗewa?"

"Ana buɗewa. Sai dai jijiyar mai shekarunka in ta daɗe ba ta aiki, mantawa take yi. Ba zan yi maka alƙawari ba."

Tanimu ya juyo gaba ɗaya. Wasan ya bar fuskarsa. "Gwadabe, tashi mu tafi. Ka dawo gidana, kai da tsuntsunka. Ɗaki yana nan."

"In bar ɗakin da ya ba ni? Mutane su ce ya kore ni, ko su ce na raina. Wanne ka zaɓa masa?"

"To bar ni in hau in faɗa masa ɓaro-ɓaro."

"Ya durƙusa ya tambaye ni, na ce babu komai. Yanzu ni in zama maƙaryaci, shi ya zama wanda ya cuci surukinsa, a ɗauke masa abin da ya yi furfura a kansa. Ka ga fuskar yarinyar nan ranar?"

"Na gani."

"To."

"Ɗanlelen fa?"

"Shi ai ba don ni yake yi ba. Ni ne dai nake laɓewa ina ji."

Tanimu ya juya. Ya kalli na'urar kamar ita ce ta jawo abin. "Kanawa," ya ce a hankali, "taurin kai kamar dutsen niƙa."

"Dokar asibiti ta ce in sake tambaya," in ji na'urar. "Wace hanya ka zaɓa?"

"Ta biyun. Bismillah."

Aikin bai kai tsawon shan shayi ba. Da suka fito, duniya ta yi masa kamar an lulluɓe ta da bargo. Jirgin maganaɗisu ya wuce ta samansu, ya ji gurnaninsa bai ji shewarsa ba. Ya shiga ɗakinsa ya tsaya a tsakiya yana jira. Babu kowa, gyaren bai zo ba. Ya kwanta a kan sabuwar katifa, wadda ashe katifar kirki ce, bai farka ba sai da Tanimu ya buga ƙofa don la'asar.

Lokacin jira ya cika. Hukuma ta rubuta cewa ba a samu ƙorafi ko guda ba, abin da ta ce ba kasafai ake gani ba a sabuwar ƙirƙira. Wani kamfani ya karɓi aikin ƙera Tsit da yawa, masu hawan sama a manyan benaye suka fara layi. A Sabuwar Challawa kuwa, saboda gwiwa, tsofaffi a hawan ƙasa ake ajiye su, kuma yawancinsu mutane ne masu kunya.

Da hantsi Kubura ta sauko da kwanon kunu, ta durƙusa a gefen tabarma.

"Baba, an ba da lasisin."

"Madalla. Allah ya sa albarka, ya kare shi daga mahassada."

"Amin. Ya ce in tambaya ko katifar ta yi."

"Ta yi. Barci nake har sai an tashe ni."

"Ai ga shi har kun yi haske." Ta yi dariya, ta ɗan toshe kunne da yatsa. "Kai, Baba, wannan tsuntsun naku yau ko magana ba ya bari a yi."

Gwadabe ya juya ya kalli kejin. Ɗanlele yana tsaye a kan karansa, baki a buɗe, gashin maƙogwaronsa yana rawa, har jelarsa tana karkarwa. Ya daɗe a haka. Tsohon ya jira sai da ya ga bakin ya rufe.

"Haka yake in ya ƙoshi," in ji shi.

Ya ɗauko gwaiduwar ƙwai ya shiga marmasa masa.